Akwatin Dakta Sixten

Dakta Sixten Rydelius ya ce ya gama da cutar daji. Ranar Litinin ya faɗa, ƙarfe goma na safe, a ɗakin shan gahawa, da guntun burodin kirfa a hannunsa. Ya ce ba wai gaba ɗaya ba, kada a je a yi masa ƙari, amma dai ya karya lagonta, abin da ya rage aikin yara ne. Daga nan sai ya tambaya ko da sauran madara.

Mu tara ne a ɗakin, kowa ya ƙame da kofi a hannu kamar an ɗauke wuta. Ni na miƙa masa madarar, don ni ce na fi kusa da firji, kuma ni kaɗai ce ba a sa ran na fahimci abin da ya faɗa.

Sunana Majken. Ni nake wanke kwalabe a hawa na huɗu na wata cibiyar bincike a nan arewacin Sweden. Ban gama sakandare ba, ina shekara sha bakwai na ajiye. Amma masu digiri mutane ne masu zubar da littattafai, da zarar sabon bugu ya fito sai tsohon ya koma kwandon takardu, ni kuma motar da ke kai ni gida tana cin minti arba'in. Shekara huɗu ina tsinta ina karantawa. Ban gaya wa kowa ba, ba wanda kuma ya tambaya.

Duk hawan namu abu ɗaya ake yi wa hidima, wani furotin, wato sinadarin da ke aiki a cikin ƙwayoyin jiki, mai suna Chk2. Ga yadda na fahimce shi. Ƙwayar halitta a jikin mutum rabuwa take yi gida biyu, kuma kafin ta rabu sai ta kwafi zaren gadonta, wanda suke ce wa DNA. Idan zaren ya tsinke, wannan furotin yana cikin masu tare hanya. Sai ya ce mata dakata, ba inda za ki sai an ɗinke. Idan ba a tare ta ba, ta rabu da ɓarakarta, 'ya'yanta su gada, ta irin wannan ƙofa ce cutar daji kan shigo. To aikin mutanen hawa na huɗu shi ne su tsinka zaren da gangan, su zuba ido su ga abin da mai gadin zai yi. Da hasken eksire ake tsinkawa, irin na hoton ƙashi amma mai ƙarfi, a wata na'ura da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa a ginin da ke tsallaken fili. Bayan nan a zuba wa ƙwayoyin wani rini, a leƙa ta madubin likita. Duk inda zare ya tsinke, sai ɗigo kore ya fito.

Abin da Dakta ya ce ya yi shi ne, ya taɓa wani ɗan wuri guda a jikin furotin ɗin, sai ƙwayoyin da ke ɗauke da shi suka koma ɗinke kansu tun kafin ka juya. Ya nuna mana hotuna a wayarsa. Ga ƙwayoyi na gama-gari, jikinsu duk ɗigo kamar mai ƙyanda, sun tsaya cak ba rabuwa. Ga nasa kuma, fes, ko ɗigo ɗaya babu, suna ta rabuwarsu kamar ba a taɓa haska su ba.

Kamar ba a taɓa haska su ba. Shi ma haka ya ce, har sau biyu, kuma a lokacin ba wanda ya ji komai a maganar, har ni.

A nan kowa da sunansa ake kiransa. Gunhild, farfesar da ke shugabantar hawan, shekararta sittin da biyu, kuma ko ni Gunhild nake ce mata. Sixten ne kaɗai ya yi shekara biyu a ƙasar waje ya dawo da buƙatar a riƙa ce masa Dakta. Muka ce to. Muna ce masa Dakta safe da yamma, da wata irin murya, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Ɗaya ce a cikinmu ba ta ƙame don mamaki ba a ranar nan, ita don tsoro ta ƙame. Ylva Nordmark, ɗalibar digirin dakta, shekararta ta uku. Ita aka ba aikin maimaita gwajin, don a wannan sana'a ba a yarda da abin da hannu ɗaya ya gani. Sau biyar tana yi. Daga kwalba ɗaya take ɗibar ƙwayoyin da shi, na'ura ɗaya, ƙarfin haske ɗaya, ta bi shafi huɗun da ya rubuta mata layi-layi. Sau biyar ƙwayoyinsa masu daraja suna fito mata da ƙyanda kamar na kowa.

Dakta ya ce matsalar hannu ce. Ya ce akwai mutanen da aka haife su da hannun gwaji, akwai kuma waɗanda gara su nemi koyarwa. Bai tsaya a faɗa da baki ba, ya rubuta wa Gunhild takarda cewa a cire Ylva daga aikin a ba wani. Duk abin da yarinyar nan ta tara a shekara uku a kan aikin nan yake. Cire ta yana nufin ko ta faro daga farko ko ta tattara ta koma gida.

Gunhild ba sakarya ba ce. Ta yi tambayoyin da suka dace, ta leƙa madubi da idonta, ta ga nasa fes, ta ga na Ylva da ɗigo. Amma tana da kwamitoci shida da miji a kwance, kuma idan gaskiya za a faɗa, tana son maganar ta zama gaskiya. Wa zai ƙi? Sai ta ce ranar Juma'a ƙarfe uku kowa ya kawo abin da ya samu. Idan Ylva ba ta da bayanin da zai kama hankali, za ta sa hannu a takardar.

Ranar Talata labari ya zo cewa Dakta ya yi odar wani kek mai koriyar rigar sukari, na mutum ashirin, don ranar Juma'a. Wannan ya fi maganar cutar dajin girgiza mutane. A hawanmu ba a kawo koren kek sai mujalla ta karɓi aikinka ta rubuto maka. Shi ko aikawa bai yi ba. Wani tsohon ma'aikaci da ya shekara talatin a wurin ya zauna a kujera ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Mutane suka yi ta raɗa a bakin firji har gahawa ta huce.

Yanzu sai maganar akwati.

Tsakanin gininmu da na na'urar akwai fili, tafiyar minti uku, kuma a watan Fabrairu sanyi yana kai ashirin ƙasa da sifiri. Ƙwayoyi kuwa ɗumin jikin mutum suke so. Kowa yana sa farantan robar da yake renon ƙwayoyinsa a cikin kular farin soso, irin ta masu kifi, ya ruga, ya isa can ya fito da su ya jera a kan shiryayyen na'ura. Dakta ba ya shiga kular kifi. Lokacin da aka kwashe ofishin marigayi Farfesa Helmer, ya tsinci wani akwati na roba mai ruwan toka, bai fi girman burodi biyu ba, da mariƙin tagulla. Ya sa aka buga masa sunansa a ɗan farantin ƙarfe ya manna a murfin. Faranti biyu kaɗai yake ci, da ɗan buhun da ke riƙe musu ɗumi. Don haka ƙwayoyinsa masu daraja su ne a ciki, na gama-gari kuwa, waɗanda ake gwada su da su, suna biyo baya a kular kifi. Ni ce mai ɗaukar kular. Wata huɗu muna ratsa filin nan, shi a gaba da akwati, ni a baya, kamar masu kai gawa.

Ba ya yarda Ylva ta bi shi. Ya ce ba ya gwaji a gaban 'yan kallo. Ni ban shiga lissafin 'yan kallo ba, kamar yadda ba a lissafa kujera. Akwatin kuwa ba mai taɓa shi. A kabad yake kulle shi, mabuɗin yana aljihunsa.

Ranar Laraba da hantsi muka fita don gwaji na ƙarshe, wanda zai nuna ranar Juma'a. Muka isa ƙofar ginin, sai katin buɗe ƙofa ya maƙale a aljihun ciki, ƙarƙashin riga uku. Ya laluba da hannu ɗaya ya kasa. Ya dubi dusar ƙanƙarar da ke ƙasa, ya dube ni, ya auna wanne ya fi tsabta. Ni na ci.

"Riƙe min. Hannu biyu, kuma kada ki jijjiga."

Na ajiye kular na karɓa. Saura kaɗan kafaɗata ta fita. Abin da bai fi burodi biyu ba ya ja ni ƙasa kamar an rataya min jaririn saniya. Na san Dakta yana wasan zamiya a ƙanƙara duk ƙarshen mako, kuma yana son a lura da damatsansa, amma ban taɓa zaton abin da yake lilo da shi a gabana wata huɗu ya kai kilo goma ba.

Kuma na san nauyin. Babana mai kamun kifi ne a bakin teku, shi yake narka dalmar da ake ɗaura wa komar kifi don ta nutse. Tun ina shekara takwas nake ɗaukar masa bokitinta daga rumfa zuwa jirgi. Nauyin dalma daban yake da na ƙarfe. Ba ta amo, ba ta motsi, sai dai ta zauna maka a hannu kamar fushi. Na ɗan ƙwanƙwasa gefen akwatin da yatsa. Shiru, kamar na ƙwanƙwasa ƙasa.

Muka sauka. Ya fito da farantan gama-gari daga kular ya jera su tsirara a kan shiryayye. Ya karɓi akwatinsa ya ajiye kusa da su, a rufe, kamar kullum. Sau nawa na ga haka? Ban taɓa kawo komai ba, don a ido roba ce. Na ji bakina yana tambaya ko ba zai buɗe murfin ba.

Ya yi murmushin da yake yi wa masu wanke kwalba. Ya ce iskar ɗakin nan duk ƙura ce, ƙwayoyinsa ba za su shaƙe ta ba. Ya ce haske yana ratsa roba kamar yadda yake ratsa iska, amma kada in damu kaina, wannan ilimin kimiyyar lissafi ne, ya fi ƙarfin wanki.

Ya rufe ƙofar na'ura ya danna. Jar fitila ta kama, na'ura ta fara gurnani. Minti huɗu na tsaya ina kallon fitilar nan, ina tuna rigar nan mai nauyi da likitan haƙori yake ɗora min a ƙirji kafin ya ɗauki hoto. Mutumin da ya shekara goma sha biyu a jami'a, yana tsaye kusa da ni yana 'yar waƙa, bai taɓa tambayar kansa me ya sa akwatin roba yake da nauyin ɗan maraƙi ba.

Da muka koma na samu Ylva a ɗakin wanki. Can take ɓuya idan tana son kuka, don ƙarar injin tana rufe komai. Na rufe ƙofa na gaya mata. Ta saurara da baki buɗe, sannan ta zauna a kan kwandon shara ba ta ma duba ba.

"A rufe yake sa shi?"

Na ce a rufe.

"Majken, ba zai yiwu ba. Ba wanda zai yi haka. Ɗan aji ɗaya ba zai yi haka ba."

"Ɗan aji ɗaya ba shi da akwati mai sunansa."

Ta yi wata dariya da ba ta yi kama da dariya ba, ta toshe baki. Ta ce shafi huɗu ya rubuta mata, har irin safar hannun da yake sawa ya ambata, amma ba akwati. Na ce ai a wurinsa akwatin ba ya cikin gwaji, yana cikin kwalliya. Sai ta tambaye ni ko na ga dalmar da idona. Na ce a'a, hannuna ne ya gani. Nan fuskarta ta sake faɗuwa. Ta ce idan ta tashi gaban Gunhild ta ce babban ma'aikaci bai haska ƙwayoyinsa ba wata huɗu, aka buɗe aka ga roba ce zalla, ba cire ta daga aiki kaɗai za a yi ba, ko shara ba za a ba ta a wata cibiya ba. Kuma hujjarta me? Kafaɗar mai wanke kwalba.

Na ce kafaɗar ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ta ce ta sani, amma kafaɗa ba ta da digiri.

Ranar Alhamis na je na same shi na ce ko zai ba ni akwatin in goge masa da sinadari, tunda gobe ranar hoto ce. Ya ce ya gode, ya riga ya goge da kansa, da ƙyallen tabarau. Wannan ne karo na farko da na ji Dakta ya goge wani abu, kuma na tabbata sama kawai ya goge.

Juma'a ƙarfe uku muka taru a ɗakin shan gahawa, don ɗakin taro ana fenti. Kek a tsakiyar tebur, kore shar, da furen sukari a kansa. Kusa da shi akwatin, yana ƙyalli. Dakta ya ce ya kawo shi ne don a ɗauke su tare, wata rana gidan tarihi zai nema. Ya ba wani ɗalibi wayarsa ya nuna masa ta inda fuskarsa ta fi kyau. Gunhild ta zauna a bakin tebur da takardar cire Ylva a gabanta, da alƙalami a buɗe. Ni ina tsaye a bakin firji da wuƙar kek, wurin da aka san ni da shi.

Ya yi minti arba'in yana magana. Ya ambaci kansa tare da matattu uku da ake rataye hotunansu a makarantu. Ya nuna hotunan Laraba: na gama-gari da ƙyanda, nasa fes. Ya ce shi kansa wani lokaci abin yana ba shi tsoro. Mutane suka yi shiru irin na waɗanda ba su sani ba ko tafi za su yi ko addu'a.

Ylva ta tashi. Ta nuna nata sau biyar ɗin. Gunhild ta tambaye ta a hankali ko tana da wani bayani kan bambancin. Ylva ta dubi akwatin. Na ga ta dube shi, na ga leɓenta ya motsa. Sai ta ce ba ta da wani bayani. Ta zauna ta sa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Gunhild ta yi ajiyar zuciya ta jawo takardar.

Na ce ina da tambaya.

Duk suka juyo. Wata ma firjin ta fara kallo, don ya fi sauƙin yarda a ce shi ya yi magana. Dakta ya ce idan maganar kek ce, a fara yanka masa ta wajen furen.

Na ce a'a, so nake Gunhild ta ɗaga akwatin nan.

Gunhild ta dube ni ta saman tabarau. Shekara huɗu ban taɓa neman komai a wurinta ba sai sabulu. Ina jin shi ya sa ta ajiye alƙalamin ta miƙa hannu ɗaya ta kama mariƙin. Akwati bai motsa ba. Ta miƙe tsaye ta sa hannu biyu, ya ɗan tashi, ta sake shi. Tebur ya yi ƙara, cokula suka yi tsalle.

"Sixten, me ke cikin abin nan?"

Ya ce ba komai, inganci ne, kayan da ba irin na yanzu ba ne. Na ce a cikin wannan yake sa ƙwayoyinsa a na'ura, a rufe, na gama-gari kuwa a waje. Na ce ni dai a sanina roba ba ta yin wannan nauyin, dalma ce take yi, kuma dalma ita ake sawa idan ba a son haske ya wuce.

Injin gahawa ya ɗiga sau uku, duk na ƙirga. Ɗalibin da ke riƙe da waya ya sauke ta a hankali kamar za ta fashe.

Dakta bai yi fushi ba, dariya ya yi. Ya ce abin sha'awa ne yadda ilimi yake yaɗuwa har ɗakin wanki, kamar mura. Ya ɓalle murfin ya buɗe, ya karkato mana cikin. Farar roba, santsi, ba ko tabo. Ya ƙwanƙwasa ciki, ya ƙwanƙwasa waje. Roba a ciki, roba a waje, in ji shi, ko Malama Majken tana son ta gwada da haƙori?

Wasu suka sauke numfashi. Wani ma ya ɗan yi dariya don ya huta. Gunhild ta dubi alƙalaminta. Ni kuwa ban da komai a hannu sai wuƙar kek. Na dubi Ylva, ta yi fari kamar robar.

Amma akwai abin da mai wanki ya sani wanda Dakta bai sani ba. Duk abin da aka ƙera don ɗakin gwaji, kwalba ce, tukunya ce, bokiti ne, a gindinsa ake rubuta gaskiyarsa: da me aka yi shi, zafi nawa yake ɗauka. Sama ta mai shi ce, ya manna abin da ya ga dama. Ƙasa ta maƙeri ce. Kuma wanda bai taɓa wanke abu ba, bai taɓa kifa shi ba. Ban san me ke ƙasan wannan ba, ko ma akwai wani abu. Na dai ce a kifa shi.

Dakta ya ce ba za a kifa masa kayan tarihi a kan teburin cin abinci ba. Ya ɗora hannu a murfin. Sai na ji kujera ta ja baya. Ylva ce. Ta zagayo, ta tsaya tana kallon hannun nasa har ya janye. Ta kama gefe ɗaya, na ajiye wuƙa na kama ɗaya. Muka juya shi. Ya sauka da wani irin dum, furen sukari ya faɗo daga kan kek.

Gindin duk ƙura, ta shekara talatin, da tambarin kofin gahawar marigayi Helmer. Na sa gefen rigata na goge, sana'ata ce. Akwai rubutu, an buga shi cikin robar, ƙanana.

Gunhild ta gyara tabarau ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye, fiye da yadda rubutun yake buƙata. Da ta ɗago, ta rufe alƙalaminta ta sa a aljihu. Ta ɗauki takardar cire Ylva ta ninka biyu, ta ƙara ninkawa, ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ta daɗe tana rawa. Ta ce wa Ylva ta zauna, ranar Litinin za su tsara shekararta ta huɗu, kuma a yanka mata kek babba.

Dakta yana tsaye a ɗaya ɓangaren, rubutun a juye yake daga wurinsa. Ya ce yana da haƙƙin sanin abin da ake ɓoye masa. Ya ce ko me aka rubuta, tsohon rubutu ba zai rushe aikin wata huɗu ba, ya maimaita gwajin nan sau goma sha ɗaya, kuma duk sau goma sha ɗayan sakamako ɗaya ya samu.

Gunhild ta ce wannan kam ta yarda. Sannan ta matsa gefe ta ba shi wuri. A shekara huɗu ban taɓa jin ta kira shi da komai ba sai Sixten.

"Zo ka karanta mana, Dakta. Kai ne mai ilimin ɗakin."

Ya zagayo, ya gyara wuyan riga, ya sunkuya. Ya fara karantawa da muryar da ya yi minti arba'in yana amfani da ita, don ba shi da wata.

"Don ɗaukar kaya masu fitar da haske mai cutarwa. Bango da murfi, dalma, kaurin milimita biyar."